Yadda Mai Bi Zai Fuskanci Tsoro Ya Kuma Yi Girma Cikin Bangaskiya

Tsoron da ke damun masu bi a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar yana da dalili. 'Yan ikkilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ba su manta da watan Oktoba na 2014 ba, lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, haka kuma Kiristocin Damagaram da Yamai suna tune da majami'un da aka ƙone a watan Janairu na 2015. Akwai kuma tsoron da ba ya shiga labarai, irin na maita da sammu, na rashin haihuwa, na sakamakon gwajin asibiti, da na sabon tuba wanda danginsa suka juya masa baya. Duk wanda ya ce wa irin waɗannan mutane tsoronsu rashin bangaskiya ne kawai, ya ƙara musu nauyin laifi a kan nauyin da suke ɗauke da shi, kuma ban ga Littafi Mai Tsarki yana yin haka ba.

Ka fara da faɗa wa Ubangiji ainihin abin da kake tsoro, ka ambace shi ɗaya bayan ɗaya. Dawuda ya yi Zabura ta 56 ne sa'ad da Filistiyawa suka kama shi a Gat, kuma a aya ta 3 bai ɓoye cewa yana jin tsoro ba, sai ya ce a lokacin da tsoron ya zo zai dogara ga Allah. Addu'ar da take cewa "ka tsare mu daga kowane mugun abu" tana da kyau, amma wadda take cewa "ina tsoron hanyar da ɗana zai bi gobe" ta fi kai zuciya ga hutawa, domin ta fito da abin fili. Ka haddace zabura ɗaya ko biyu, kamar ta 27 da ta 46, saboda tsoro ya fi zuwa da tsakar dare, lokacin da babu fitila kuma babu fasto a kusa.

Bayan haka ka rarrabe tsakanin haɗarin da yake na gaske da wanda jita-jita ta haifa. Idan haɗarin na gaske ne, yin hattara ba ya rage bangaskiya. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana yayin da suke gina garun Urushalima, almajirai sun zurarar da Bulus cikin kwando ta garun Dimashƙu da dare, Yesu da kansa kuma ya ce idan an tsananta muku a wani gari ku gudu zuwa wani. Saboda haka wanda ya daina tafiyar dare ko ya kwashe iyalinsa daga ƙauyen da ake kai wa hari bai yi zunubi ba. Amma yawancin fargabar yau tana shigowa ne ta waya, ta hotunan gawawwaki da saƙonnin WhatsApp waɗanda ba a san mafarinsu ba. Kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba, kuma kada ka sa shi ya zama abu na ƙarshe da idonka zai gani kafin barci.

Wurin da ake gane girman mai bi shi ne inda yake gudu idan tsoro ya kama shi, kuma a nan ne muke yawan faɗuwa. Akwai wanda yake waƙa a sujadar Lahadi alhali da laya a aljihunsa ko guru a ƙugunsa, akwai uwar da take kai jariri wurin boka a ɓoye, akwai kuma wanda ya bar boka ya koma wurin mai kiran kansa annabi, yana sayen mai da ruwa da kyalle, ana gaya masa cewa kishiyar uwarsa ce ta ɗaure shi. Duk wanda yake cin abinci da tsoronka ba zai so tsoron ya ƙare ba. Masu bi na Afisa sun tattaro littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, ko da yake kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, kamar yadda Ayyukan Manzanni 19:19 ya nuna. Idan kana da irin waɗannan kaya, ka kira fasto ko dattijon ikkilisiya ku rabu da su tare, domin wanda ya yi shi kaɗai yakan koma ya nemi wani da zarar yaro ya yi zazzaɓi.

Kada ka raina jiki. Lokacin da annabi Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi gurasa ne da ruwa da barci, daga baya ya gaya masa cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin nan Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha. Mai tsoro yana bukatar abinci da hutu da 'yan'uwa, shi ya sa zuwa Zumuntar Mata ko ta matasa ko addu'ar safe ya fi zaman kaɗaici a ɗaki. Wanda kuma ya ga kisa da idonsa, har yana firgita cikin barci ko yana rawar jiki idan ya ji ƙarar babur, ya kamata a kai shi wurin likita ko mai ba da shawara tare da yi masa addu'a, ba tare da an ce yana da aljani ba.

Ka sani kuma cewa girman nan ba ya zuwa a rana ɗaya. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa a gaban wata baranya, daga baya ya tsaya gaban majalisar Yahudawa da gaba gaɗi, amma a Antakiya tsoron mutane ya sake kama shi har Bulus ya tsauta masa a fili. Ibraniyawa 5:14 ta ce manya su ne waɗanda suka horar da hankalinsu ta wurin yawan aikatawa har suna iya rarrabe nagarta da mugunta, wato abu ne na maimaitawa. Don haka ka zaɓi abu guda da tsoro ya hana ka, ka yi shi a wannan mako: ka je ka karɓi sakamakon gwajin, ka faɗa wa wanda ka cuta gaskiya, ko ka gai da maƙwabcinka Musulmi wanda ka daina yi wa magana tun bayan rikici. Na ƙarshen nan ya fi wuya, domin tsoron da ya daɗe yakan rikiɗe ya zama ƙiyayya, har mutum ya fara ganin ramuwa kamar haƙƙinsa ce. Ka karanta Romawa 12:17-21 kafin ka fita, ka kuma gaya wa wani ɗan'uwa ranar da za ka je domin ya tambaye ka idan ka dawo.