Kurakuran da teloli da masu tallan kaya suka fi yi wajen bin masoyan jarumai a intanet

A da, yayin ɗinki a Zariya daga gidan biki yake tashi: a ga wata ta sa a wurin kamu, washegari a je wa tela da kwatance. Yanzu kuwa hoto ake zuwa da shi a waya, kuma galibi daga shafukan masoyan wata jarumar Kannywood ko wani mawaƙi aka samo shi, inda za a ɗora hoto da hantsi, kafin la'asar ya karaɗe Instagram da TikTok da sitatus ɗin WhatsApp. Manyan kamfanonin duniya sun san ƙarfin wannan taro, shi ya sa Louis Vuitton ya naɗa mawaƙan BTS na Koriya ta Kudu jakadunsa a 2021, Dior kuma ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, Jimin, a 2023. Sai dai asarar da irin waɗannan kamfanoni za su shanye, mai shago ɗaya ba zai iya shanye ta ba.

Kuskuren da ya fi cin jari shi ne ɗaukar yabo a matsayin ciniki. Ƙanwata tana da shago mai keken ɗinki uku a Tudun Wada, kuma ana saura mako uku ƙaramar Sallah ta kira ni da murna tana cewa, "Yaya, kowa tambayar kuɗinsa yake yi." Wata doguwar riga ce ruwan goro da masoyan wata jaruma suke ta yaɗawa, ita kuma ta ɗinka irinta ta ɗora. Ta tafi Kantin Kwari ta saro yadin da kusan duk abin da ke hannunta. Kafin a gama yanka, jarumar ta fito da wani launi, masoyanta suka bi ta, masu cewa "nawa ne?" kuma suka yi ɗif. Har bayan babbar Sallah yadin na jingine a bayan ƙofa, ya yi kwantai. Masoyi jarumarsa yake so, ba rigar ba, kuma da yawa daga masu tsokaci ɗalibai ne da kuɗin data kaɗai suke da shi. Gyaran shi ne a ɗinka samfuri ɗaya ko biyu, a ɗora tare da farashi a fili, kada a sari yadi sai an karɓi kafin alƙalami, ko da rabin kuɗi ne.

Na biyu ya shafi hoton kansa. Hasken situdiyo da gyaran waya suna sauya launin shadda da ƙyallin leshi, har mai saye ta karɓi kayanta ta rantse ba su ta zaɓa ba. A ɗauki hoto da hasken rana, a haɗa da ɗan bidiyon yadin a hannu, a kuma faɗi gaskiya idan wanda jarumar ta sa gezna ce, na shago kuma mai sauƙin kuɗi ne.

Su ma matasan da ke sa kaya a ɗauke su hoto, musamman ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo, suna da nasu sakacin, wato amincewa da baki kawai. Yarinya za ta yarda a ɗauke ta domin shafin shago, ba ta tambayi inda hoton zai tsaya ba, sai ta wayi gari shafukan masoya sun kwashe shi, ana ta sharhi kan fuskarta maimakon mayafin, magana har ta isa kunnen iyaye. Halima Aden, wadda ta shiga gasar sarauniyar kyau ta jihar Minnesota a Amurka da hijabi a 2016, ta bar tallan kaya a 2020 tana cewa sana'ar ta sa ta sassauta a kan addininta. Idan mai suna irin nata ta ga haka, 'yar koyo ta fi buƙatar takarda. A rubuta kuɗin, da shafukan da za a sa hoton, da tsawon lokaci, da ko za a nuna fuska, kuma a sanar da na gida tun kafin a ɗauka. Tun 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya, saboda haka aikin yana da daraja, bai kamata a riƙa biyansa da ragowar yadi ba.

Akwai kuma shiga faɗan da ba naka ba. Masoyan jarumai biyu na iya kwana suna zage-zage, kuma telan da ya sa baki da sunan shagonsa ya kori rabin masu saye. Idan aka zagi ɗinkinka, ka amsa sau ɗaya kan ɗinkin, cikin ladabi, ka bar sauran.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne raina abin gida. A cikin Birnin Zariya har yau akwai masu zama a zaure da allura suna fitar da aska biyu da aska takwas a kan babbar riga, aikin da kan ɗauki makonni, amma da wuya ka ga an ɗauke shi hoto mai kyau, alhali sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da aikin tufafi, yana nan Samaru. Rigar jaruma kowane tela daga Kano zuwa Legas zai iya kwaikwayo cikin kwana biyu, aikin hannun Zazzau kuwa ba haka ba. Duk mai shagon da yake da irin wannan a kusa, ya ɗauki bidiyon hannun mai ɗinkin yana aiki, da izininsa, ya faɗi kwanakin da rigar ta ci da kuɗinta, ya kuma ɗora shi tun ana saura wata biyu hawan Sallah, lokacin da masu hawa suke neman riguna.