Ga sababbin zuwa: kafin ka tsoma wayarka a teku cikin jakar roba

'Yan uwa sababbin zuwa, sannunku da hanya. Duk wanda Allah ya kai shi ƙasar da ke bakin teku, ɗalibi ne ko ma'aikaci, a gaɓar Bahar Maliya ne ko a tsibiran Malesiya, ba ya daɗewa abokai za su ja shi kallon kifi da murjani. A ba ka gilashin fuska da bututun numfashi, ka kwanta a saman ruwa kana kallon halittun da ba ka taɓa gani ba sai a talabijin. Dole ranka ya so hoto, dole ka so mutanen gida su gani. A nan 'yar jakar roba take shigowa, wadda ake zura waya ko ƙaramar kyamara a ciki a datse bakinta. Kusan duk ayarin da ya iso sai na ga wani ya rasa wayarsa a cikinta, kuma abin ya isa haka.

Saye ba shi da wuya. Ka nemi alamar IPX8, wadda ke nuna ƙarfin jure ruwa, sannan ka karanta abin da aka rubuta kusa da ita. A ƙa'idar duniya ta waɗannan alamomi, wato IEC 60529, IPX7 na nufin zurfin mita 1 na minti 30, amma a IPX8 kamfanin ne da kansa yake faɗin zurfi da tsawon lokaci, don haka jaka biyu na iya ɗaukar alama ɗaya alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su Aquapac na Ingila, DiCAPac na Koriya ta Kudu da Ewa-Marine na Jamus. Jakar da babu sunan wanda ya yi ta, babu zurfi a rubuce, ka bar ta inda ka gan ta. Araha ba ta ado.

Ka kuma san iyakar jakar. An yi ta ne don saman ruwa da ɗan nutso kaɗan. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke sararin duniya, iskar da ke cikin jakar kuma ta koma rabin girmanta a mita 10 na farko. Robar sai ta manne wa kyamara, ta danne maɓallai, wani lokaci ta hana idon kyamarar fitowa. Mai son nutso da tulun iska a baya, gidan kyamara mai tauri yake buƙata, wannan kuma wata magana ce dabam.

Yanzu ga inda ciwon yake. Sabon zuwa ba waya kawai yake sakawa a jakar nan ba, rayuwarsa yake sakawa. Layinsa na wannan ƙasa yana ciki, manhajar banki tana ciki, hotunan fasfo da takardar zama, lambar mai gidan haya, saƙonnin makaranta ko wurin aiki, da lambobin sirri da ake turowa kafin a buɗe kowane asusu. Wanda ya shekara goma a wuri in wayarsa ta mutu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kai da ka zo watan jiya, ba ka ma haddace sabuwar lambarka ba. Ni ma na ɗanɗana wannan a farkon zuwana. Ƙwayar yashi ce ta maƙale a bakin jakata, ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali ban ankara ba, na fito na tarar da waya kwance cikin ruwan gishiri. Kuɗin wayar bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Banki ya ce sai lambar da za a turo wa layina, masu layin suka ce sai na kawo takardar zama, sabunta takardar kuma yana jiran kuɗin da ke cikin bankin, ga haya ta zo. 'Yan uwanmu ne suka rufa mini asiri, wannan ya ba ni aron waya, wancan ya raka ni ofis yana yi mini tafinta. Wannan halin namu abin alfahari ne, duk inda muke ba ma barin namu a ƙasa. Amma bai kamata mu riƙa ƙarar da wannan zumunci a kan ɓarnar da gwajin rabin awa zai hana ba.

Kuma don Allah a daina ce mini "ai wayata ba ta jin ruwa". Gaskiya ne manyan wayoyi suna da alamar jure ƙura da ruwa ta IP68: iPhone 12 zuwa sama mita 6 na minti 30, manyan Galaxy mita 1.5 na minti 30. Amma a ruwan daɗi ake gwajin, da sabuwar waya wadda ba ta taɓa faɗuwa ba. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, na Bahar Maliya ya kai wajen 40, kuma gishiri cin ƙarfe yake yi ko bayan ruwan ya bushe. Apple da Samsung duka sun rubuta cewa garantinsu bai shafi ɓarnar ruwa ba. A cikin waya akwai ɗan farin tabo, yawanci ta ramin da ake saka layi, wanda yake komawa ja da zarar ruwa ya taɓa shi. Mai gyara shi yake fara dubawa, rantsuwarka ba za ta canja masa launi ba. Masu yin jakar ma galibi jakar kaɗai suke musanyawa, ba abin da ke cikinta ba.

Saboda haka, tsohuwar waya ko ƙaramar kyamara ita ce ta shiga ruwa. In babu sai wadda ke hannunka, ka kwafe komai zuwa wani wuri tun daren jiya, ka cire layin ka bar shi a masauki. Ka saka busasshen tishu a jakar, ka kulle, ka danne ta da wani abu mai nauyi a cikin bokitin ruwa na aƙalla minti 30, ka ɗan matsa ta ka ga ko kumfa zai fito. Tishu ya yi danshi ko kaɗan, jakar ta tashi aiki. Kuma gwajin na kowace fita ne, domin roba tana tsagewa a inda ake yawan naɗe ta, rana kuma tana busar da ita. Ka bi bakin da yatsa kafin ka kulle, gashi ɗaya ko zare ɗaya ya isa. Ka kulle ta a ɗaki mai sanyi, kada ka bari sai bakin ruwa inda yashi ke tashi. Iska mai ɗumi da danshi in aka kulle ta aka shiga ruwa mai sanyi, raɓa take zama a gaban idon kyamara. Ƙananan ƙunshin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi suna shanye wannan danshin, ka jefa ɗaya a ciki.

Hoton kansa bai da wani sirri mai yawa. Fuskar waya ba ta jin yatsa a ƙarƙashin ruwa, sai ka buɗe kyamara tun kana sama ka riƙa ɗauka da maɓallin ƙara murya, ko ka kunna bidiyo ka bar shi. Ruwa yana shanye jan launi tun daga wajen mita 5, shi ya sa hotunan zurfi suke fitowa shuɗaye. Ka tsaya a sama, rana tana bayanka, ka matsa kusa da abin maimakon ka jawo shi da kyamara. Ta cikin gilashin fuska komai yakan yi kamar ya fi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ya fi kusa, don haka nisan da kake gani bai kai na gaske ba. Ka kashe fitilar kyamara, ƙurar cikin ruwa kawai take haskawa. Kada hannun da ya shafa man kariya daga rana ya taɓa tagar jakar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da yawanmu ba su iya iyo ba, kunya kuma ta hana su faɗa. Ka faɗa, ka saka rigar da ke hana nutsewa, ka zauna kusa da abokin tafiya. Mai ɗaukar hoto idonsa na kan kifi, bai san igiyar ruwa ta nisanta shi da jirgi ba sai ya ɗago kai. Ka ɗaura jakar a wuyan hannu da igiya mai yawo a saman ruwa, in kuma ta kuɓuce ta yi ƙasa, ka ƙyale ta. Kada ka tsaya a kan murjani don gyara hoto: halitta ce mai rai, yana yanka ƙafa, kuma a wurare da yawa taka shi laifi ne mai tara.

In ka fito, ka ɗauraye jakar da ruwan daɗi tana kulle, ka goge ta, ka goge hannunka, sannan ka buɗe bakin yana kallon ƙasa. Kada ka bar waya a ciki a rana, zafi zai kashe ta. In ka ga ruwa ya shiga, ka kashe wayar nan take, kada ka saka caji, kada ka ɓata lokaci da binne ta a shinkafa. Ka kai wa mai gyara a ranar, ka kuma faɗa masa ruwan teku ne don ya san irin wankin da zai yi wa cikinta.