Yadda ake gwada ko P-gp na hana magani shiga ƙwaƙwalwa, da sel ɗin da aka raina a lab

Ivermectin ɗin nan da ake rabawa a ƙauyuka saboda makantar bakin kogi, jijiyar tsutsa yake shanyewa amma tamu ƙwaƙwalwar lafiya lau, dalili kuwa wani furotin ne mai suna P-gp da ke jikin sel ɗin jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, magani na leƙowa sai ya tunkuɗo shi ya koma jini. A 1994 wani masanin kimiyya Schinkel da abokan aikinsa a Amsterdam suka cire wa ɓeraye shi, sai ga ivermectin na kashe su da kusan kashi ɗaya cikin 100 na abin da ke kashe sauran.

To ga yadda ake gwajin. Ka fara zaɓen sel, yawanci MDCK-MDR1 ne, wato sel ɗin ƙodar kare da aka sa wa P-gp na mutum, ko hCMEC/D3 na ƙwaƙwalwar mutum. Ka shuka su kan matatar Transwell, wato 'yar matatar da ke raba kowace rijiyar farantin gwaji gida biyu, sama da ƙasa, mai huji maikiron 0.4, a digiri 37 da CO2 kashi 5, ka bar su kwana 4 zuwa 7 su haɗe su zama shimfiɗa ɗaya.

Nan ne mutane ke gaggawa, kuma wallahi nan aikin yake lalacewa. Kafin ka ɗiga magani ka auna TEER, wato yadda shimfiɗar sel ɗin ke tare wutar lantarki, wanda ke nuna ko sun haɗe sosai, ka kuma sa Lucifer yellow, wani rini ne da ke bi ta tsakanin sel, in ya wuce da yawa to shimfiɗarka na yoyo, duk lambar da za ka samu banza ce, zubar ka sake. hCMEC/D3 dama TEER ɗinsa ƙasa yake sosai, shi ya sa ni na fi son MDCK a wannan gwajin.

Sai ka wanke da HBSS, wato ruwan gishirin da ake wanke sel da shi, mai pH 7.4, a wasu rijiyoyin ka zuba maganin ta sama, wato ɓangaren jini, a wasu ta ƙasa, kana ɗiban samfur daga ɗaya gefen duk minti 30 har awa 2. Lissafa Papp, wato saurin da maganin ke ratsa shimfiɗar, na kowace hanya, ka raba na ƙasa zuwa sama da na sama zuwa ƙasa. In lambar ta kai 2 ko fiye, akwai alamar ana koro maganin.

Amma kar ka tsaya nan don Allah. Maimaita da verapamil ko elacridar, magungunan da ke toshe P-gp, ka ga ko lambar ta sauko kusa da 1, ka sa digoxin, maganin da aka san P-gp na korowa, a gefe ya zama shaida cewa P-gp ɗin na aiki, sannan ka gwada a MDCK ɗin da ba a sa wa komai ba, don shi ma yana da nasa P-gp na kare da zai iya ruɗa maka sakamako.