Da suka tambaye ni yaya yaron, na ce musu da sauƙi

A taron da gundumar makarantu ta kira kan karatun ɗanmu a Amurka, mutum shida ne suka kewaye teburin, kowa da kwamfutarsa a gabansa, ni da maigidana muna can ƙarshe kamar waɗanda suka zo neman rance. Wata mata mai fara'a ta tambaya yaya yaron yake a gida. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." A lokacin saura wata biyu ya cika shekara uku, bai taɓa cewa ko "ruwa" ba. In yana jin ƙishi, hannuna yake kamawa ya ja ni har gaban firji, ya ɗora tafina a kan marfin, bai dube ni ba. Daren da ya gabata bai runtsa ba sai wajen ƙarfe uku. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, ta yaya zan zauna gaban baƙi ina zayyana halinsa? Bayan kwanaki takarda ta iso, wani ɗan uwa ya karanta mana: an rubuta cewa uwa ba ta nuna wata damuwa ba. Aka ba shi malamar koyon magana sau ɗaya a mako, minti 30, cikin yara uku.

Saboda wannan nake rubuto muku, ku da kuka iso Amurka kwanan nan da yaro mai otizim, abin da a gida ake cewa galahanga, ko yaron da kuke zargin yana da shi. Kunya da kara da kawaici ado ne a wurinmu, ba na kuma fatan mu yar da su. Amma a ɗakin nan ba mai fassara su. Abin da kuka faɗa shi za a rubuta, abin da aka rubuta kuma shi kaɗai yaro zai samu.

Ku fara sanin cewa ba roƙo kuka je yi ba. Akwai dokar tarayya da ake kira IDEA, wadda asalinta na 1975 ne, kuma a 1990 aka shigar da otizim cikinta da sunansa. Ita ta ɗora wa gundumar makarantun da kuke zaune nauyin ba yaro mai buƙata ta musamman ilimin da ya dace da shi, kyauta, tun daga ranar da ya cika shekara uku. Kafin wannan shekara, shirin tallafa wa ƙananan yara tun da wuri ne ke kula da shi, yawanci malamai su zo har gida. Wajen sauyin hannu tsakanin biyun ne yara da dama ke faɗawa rami. Doka ta ce a yi taron miƙa yaro aƙalla kwana 90 kafin ranar haihuwarsa ta uku, kuma tsarin karatunsa, wanda kowa ke kira IEP, ya zama a shirye a ranar. In yaronku ya wuce shekara uku kuka zo da shi, ba ku makara ba. Ku rubuta wa ofishin ilimi na musamman na gunduma cewa kuna neman a gwada shi, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi. A dokar tarayya suna da kwana 60 su kammala gwajin daga ranar da kuka sa hannun amincewa, sai dai in jiharku ta yanka nata wa'adin. A Niyok kwamitin da ke wannan aiki ga yara 'yan shekara uku zuwa biyar sunansa CPSE, a wasu jihohin da wani sunan daban.

Na san abin da ke hana wasunmu buga ƙofar: takardu. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Plyler, ta hana makarantun gwamnati korar yaro saboda matsayin zaman iyayensa ko nasa. Shaidar adireshi za su nema da shaidar shekarun yaro da katin rigakafi.

Sai maganar tafinta, wadda ita ta fi ci mini rai. A taronmu na farko abokin maigidana ne ya fassara, mutumin kirki, amma shi ma kunya ta hana shi maimaita wasu tambayoyin, ni kuma ba zan iya yin zancen kashi da fitsarin yaro a gabansa ba. Haƙƙinku ne gunduma ta kawo tafinta da kuɗinta. Ku nema tun da wuri, a rubuce, ku ce Hausa, domin samun mai Hausa yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci ma ta waya zai yi aikin. 'Yan uwanmu na Nijar sau da yawa akan tura musu mai Faransanci don an ga ƙasarsu a takarda, alhali uwar yaron ba ta yi boko ba. Kada ku ce ba komai. Ku ce a ɗage taron har a samo wanda kuke ji. Gwajin shi kansa ya kamata a yi shi da harshen da yaro ya saba ji. Idan wani ya ce muku rashin maganarsa saboda Hausa ce da kuke yi a gida, kada ku bar yi masa Hausa. Harshe biyu ba ya jawo otizim, kuma yaron da ke fama da magana ya fi kowa buƙatar jin uwarsa a harshen da bakinta ya fi sakewa.

Kafin taro na biyu na sayi ƙaramin littafi. Kwana goma ina rubuta abin da na gani: sau nawa ya buga kansa da bango, abin da ya faru kafin nan, abinci nawa yake yarda ya ci (uku ne, shinkafa fara, biredi da ayaba), yadda ya fizge hannunsa ya nufi titi ranar Juma'a a bakin masallaci. Na ɗauki bidiyo gajeru a waya. Rubuta waɗannan abubuwa ya yi mini zafi, kamar ina tona asirin ɗana. Amma da na ajiye littafin a kan tebur, salon maganar ɗakin ya canza. Takardar likita ma ku kai, sai dai ku sani ita kaɗai ba ta wadatar ba, gunduma tana yin nata gwajin don ganin yadda lalurar ke shafar koyonsa.

Taron IEP ciniki ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen atamfa a Kantin Kwari ya san farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Sau da yawa za ku tarar sun riga sun tsara daftari. Daftari ne kawai, ku ma mambobi ne na kwamitin kamar kowa a wurin. Ku dubi lambobi: sau nawa a mako, minti nawa, shi kaɗai ko cikin rukuni, yara nawa a ajin, manya nawa. Ku tambayi motar kai shi da dawo da shi, da karatun lokacin hutun bazara idan yana mance abin da ya koya. In ba ya magana, ku nemi a gwada shi da allon hotuna ko na'urar da ke furta masa kalma. Burin da aka rubuta masa ya zama abin aunawa. "Zai inganta magana" ba buri ba ne. "Zai nemi abin da yake so da kalma ko hoto sau 8 cikin 10" shi ne abin da za ku iya dawowa bayan wata uku ku ce ina aka kwana.

Akwai kalmar da ke kayar da iyaye, ita ce "mafi kyau". Doka ba ta yi alkawarin mafi kyau ba, ta yi alkawarin abin da ya dace. Sai dai a 2017, a shari'ar wani yaro mai otizim daga jihar Kolorado da aka sani da Endrew F., alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce ɗan ci gaba na jeka-na-yi-ka bai isa ba, dole tsarin ya kai yaro ga ci gaban da ya dace da halinsa. Don haka ku riƙa cewa "yana buƙatar kaza, ga dalili". In aka amsa da cewa babu ma'aikata ko babu gurbi, wannan matsalar gunduma ce, ba ta rage buƙatar yaro ba.

Idan suka ƙi wani abu, ba sai an ɗaga murya ba. Ku ce a ba ku ƙin a rubuce tare da dalilinsa. Wajibi ne su bayar, cikin harshen da kuke fahimta. Na ga abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu da jin wannan buƙata kaɗai. Kuma ku bambance sa hannun halartar taro da sa hannun amincewa da tsari. Kuna iya tafiya da takardar gida a karanta muku a tsanake, amma kada ta kwana da yawa, domin hidimar farko ba ta farawa sai kun amince. In ba ku gamsu da gwajinsu ba, kuna iya neman gwajin wani masani daga waje da kuɗin gunduma, su kuma ko su biya ko su je gaban mai sauraron ƙara su kare nasu. Bayan wannan akwai sulhu na kyauta da mai shiga tsakani, akwai koke ga ma'aikatar ilimi ta jiha, akwai shari'a. Yawancinmu ba za su kai can ba. Kowace jiha tana da cibiyar horar da iyaye da gwamnatin tarayya ke tallafawa, ba sa karɓar ko kwabo, ku neme su kafin ku nemi lauya.

Kada ku je ku kaɗai. Kuna da damar zuwa da duk wanda ya san yaron, ko wata uwa da ta riga ku shiga. Iyaye maza kuma, don Allah ku bar tasi ko shago na awa biyu ku zo, amma ku bar uwar ta yi magana, ita ta san ƙarfe nawa ya kwanta. A taronmu na uku maigidana ne ya riƙe biro yana rubuta wa ya ce me, ni kuma na yi bayani da Hausa, tafinta na juyawa, har na kira sunan yaron da bakina sau biyu. Muka fito da koyon magana sau uku a mako, biyu daga ciki shi kaɗai, da aji mai yara kaɗan, da mota har ƙofar gida. Da muka isa gida na zauna na tura musu saƙon imel mai layi huɗu, na jera abin da aka amince, na roƙi su gyara mini in na yi kuskure. Bayan wata huɗu ya danna hoton kofi a allonsa, ya juyo ya dube ni yana jira.