Yadda Ake Mayar da Inci Zuwa Sauran Ma'aunan Tsawo

Lissafin gaba ɗaya ya rataya ne a kan lamba guda: inci ɗaya santimita 2.54 ne cif. Wannan adadi ba na kintace ba ne, domin a shekarar 1959 Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe huɗu suka amince cewa yadi ɗaya mita 0.9144 ne, kuma da yake inci 36 ne ke cikin yadi, sai inci ya tsaya a kan milimita 25.4.

Idan santimita kake nema, sai ka ninka yawan incin da 2.54, idan kuwa milimita ne, da 25.4, idan mita ne, da 0.0254. Talabijin mai inci 32 ya zama santimita 81.28 ke nan, sai dai daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ake auna shi, saboda haka faɗinsa bai kai haka ba.

Ƙafa da yadi kuwa rabawa ake yi, da 12 don samun ƙafa, da 36 don samun yadi. A nan ne mutane suka fi zamewa. Mutumin da tsawonsa inci 69 ne, idan aka raba da 12 za a sami ƙafa 5, saura inci 9, amma kuskure ne a rubuta ƙafa 5.9, tun da goma sha biyu ke cika ƙafa ba goma ba. Inci 9 kashi uku ne cikin huɗu na ƙafa, don haka 5.75 ne daidai, wato santimita 175.26.

Haka nan idan ka duba tef ɗin awo, za ka ga an yanka kowane inci gida takwas ko goma sha shida, ba gida goma ba. Kafin ka ninka, ka fara raba lambar sama da ta ƙasa: 5/8 ya ba da 0.625, wanda idan aka ninka da 25.4 zai zama milimita 15.875.

Wasu kan yi amfani da 2.5 don sauƙin lissafi da ka, kuma babu laifi a ƙaramin awo. Amma a inci 100 za ka yi asarar santimita 4, wanda ya isa ya hana ƙofa shiga gurbinta, saboda haka a aikin katako ko ƙarfe gara a riƙe 2.54, a bar taƙaita lamba sai an kai ƙarshen lissafi.