Bokitin Fenti Ya Fi Akwati Idan Ruwa Ya Shigo Gida

Jama'a, ku nemi bokitin fenti babba mai murfi, ku wanke shi ya bushe sarai. Masu fenti kan sayar da shi da araha.

Ku zuba takardun gida a ciki: na haihuwar yara, na makaranta, rasit ɗin haya, katin asibiti. Kowanne a cikin leda, a ɗaure. Ku ƙara da tocila, maganin mai hawan jini ko sikari, da 'yan kuɗi a hannu, don ranar ambaliya mai POS ma ta kansa yake yi. Da alƙalamin maka ku rubuta 767 da 112 a jikin bokitin, lambobin gaggawa ke nan a Legas.

Murfinsa yana kamawa gam, ruwa ba ya ratsa shi, ga mariƙi. Ko yaro zai iya fita da shi. Akwati kuwa jiƙewa yake yi ya yi nauyi.

Mutanen unguwar Mile 12 a Legas, kada ku saki jiki don ruwan Yuni da Yuli ya wuce. Idan aka saki ruwan dam ɗin Oyan wajen Satumba ko Oktoba, kogin Ogun da ke kusa da ku kan cika ko sama ba ta zubar ba.

Amma fa idan murfin ya tsage, aikin banza ne. Kuma roba ce, ba ta tsare gobara, don haka ku ɗauki hoton takardun a waya. Ku riƙa buɗewa kuna shanya su, danshin Legas yana sa su fumfuna.