Yadda za ka zama likitan masu matsalar cin abinci a Zamfara

Duk lokacin da na gaya wa ƙananan likitoci a Gusau cewa ɓangaren da ya fi ɗaukar mini hankali a aikin ƙwaƙwalwa shi ne matsalar cin abinci, sai wani ya ce, "Ranki ya daɗe, a jihar da tamowa ke kwantar da yara, wa zai ga tuwo ya kau da kai?" Akwai su, kuma ba a gane su ne saboda ba a neman su. Ga yadda zan shawarce ka idan kana son wannan layi.

Hanyar karatun sananniya ce, ba zan daɗe a kanta ba. Shekara shida a makarantar likitanci, yawancinmu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato muka yi. Sai shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Daga nan ka zauna jarrabawar shiga ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma, ka nemi gurbin horo a asibitin ƙwaƙwalwa irin na Kware ko na Barnawa a Kaduna. Ka sa ran wata shekara biyar zuwa shida a nan.

Kafin ka kai can, kada ka raina zamanka a ɗakin yara masu tamowa. A can za ka ga ana fara wa yaro da madarar F-75 kaɗan-kaɗan kafin a kai shi ga F-100 mai ƙarfi, ko da uwarsa na roƙon a ƙara masa. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka cika shi da abinci farat ɗaya, sinadaran fosfet, fotasiyam da maganiziyam na jini sukan faɗi, zuciya ta rikice, har ta tsaya. Haka yake ga budurwar da ta yi watanni tana hana kanta abinci, cutar da likita William Gull ya sa wa suna anoreksiya a Ingila a 1873. Likitan ƙwaƙwalwar da ya manta karatun hoton bugun zuciya da sakamakon gwajin jini bai dace da waɗannan marasa lafiya ba.

Sai koyon tambaya, kuma nan ne aikin yake. Babu yarinyar da za ta zauna gabanka ta ce tana tsoron ƙiba. Uwa ce za ta kawo ta, ta ce olsa ta hana ta cin abinci, ko al'adarta ta ɗauke, ko jiri na kayar da ita a makaranta. Fara da abin da ya fi yawa a wurinmu: tarin fuka, ƙanjamau, ciwon suga, maƙoƙo, ciwon damuwa. Ka kuma tambaya a hankali ko ana ɗora tukunya a gidan, domin iyalin da 'yan bindiga suka raba da gonarsu ba kullum suke faɗin halin da suke ciki ba. Idan duk wannan ya fita, ka ce, "Mama, a ɗan ba mu wuri," ka bar ma'aikaciyar jinya a ɗakin, sannan ka yi magana da yarinyar.

Ni ga irin tambayoyin da nake yi. Kina cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwanki, ko kina ɗaukar naki ki shige ɗaki? Azumin nafilar nan Litinin da Alhamis ne kawai, ko ya zama kullum? Idan kin sha ruwa me kike ci? Kin taɓa sayen shayin rage tumbi da ake talla a waya? Tambayar azumi tana buƙatar ladabi, amma dole a yi ta, domin babu uwar da za ta yi wa 'yarta faɗa kan ibada, kuma mai cutar ta san haka. Ka duba bayan hannunta: mai tura yatsa a maƙogwaro don ta yi amai takan samu taurin fata a gaɓoɓin yatsu inda haƙori ke gogawa. Likita Gerald Russell, wanda ya bayyana cutar bulimiya (cin abinci fiye da kima sannan a yi amai da gangan) a 1979, da sunansa ake kiran wannan alama.

Kada ka jira ta ambaci ƙiba. Likitan ƙwaƙwalwa Sing Lee ya rubuta a kan 'yan mata a Hong Kong da suka rame ƙwarai, amma kukansu kumburin ciki ne da rashin jin yunwa. Namu sun fi kama da waɗannan. Likita Anne Becker kuma ta ga yadda amai da gangan ya bayyana tsakanin 'yan matan tsibiran Fiji bayan talabijin ya isa yankinsu a 1995, alhali a da mace mai jiki ce abin so a can. Mu ma haka muke a da, kuma yanzu waya ta shiga kowane ɗaki.

Akwai abubuwa biyu da littattafan Turai ba za su shirya ka a kansu sosai ba. Na farko, sha-ka-fashe: amaren da ke haɗiyar ƙwayoyi irin su deksametason don su ciko kafin biki, su ƙare da kumburin fuska, hawan jini da suga. Damuwa da siffar jiki ce ita ma, ta ɗaya gefen. Na biyu, cin ƙasa. Mai ciki da ba ta iya haƙura da farar ƙasa, auna mata jini, sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Yaron da ke cin ƙasa kuwa, a jihar da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, tambayi ko ana daka dutsen zinariya a kusa da gidansu.

Wajen magani, babu ƙwayar da ke warkar da anoreksiya. Abinci ne magani, kuma iyali ne ke ba da shi. Tsarin da ya fito daga asibitin Maudsley a Landan yana ɗora wa iyaye alhakin ciyar da yarinya har ta murmure, kuma ya dace da gidajenmu, sai dai a nan ka nemo wanda ake jin maganarsa. Wani lokaci kaka ce, wani lokaci gwaggo. Za su ce maka sammu ne ko mutanen ɓoye, sun kuma riga sun kai ta ruƙiyya. Ni ba na musu da su. Nakan ce a ci gaba da addu'a, amma a kawo mini ita kowane mako, kuma in roƙi malaminsu ya gaya mata da bakinsa cewa shari'a ta ɗauke wa marar lafiya azumi. Bulimiya ita ce ke ɗan jin ƙwayar fuloksetin, tare da zaman gyaran tunani irin wanda Christopher Fairburn ya tsara a Oxford.

Bincike kuwa, tunda jarrabawarka ta ƙarshe tana buƙatar kundi, ka yi shi a nan gida. Makarantun kwana na 'yan mata, jami'ar tarayya ta Gusau da kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda sun ishe ka. Nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ka tambayi kowa komai, da yardar iyaye ga wadda ba ta kai 18 ba. Takardar tambayoyi biyar ta gano matsalar cin abinci mai suna SCOFF, wadda ta fito a 1999, gajeriya ce, amma tana tambayar nauyin da mutum ya rasa cikin wata uku, kuma 'yan matanmu ba sa hawa sikeli. Ka haɗa da tambayar ko ta kai kayanta wurin tela a rage.

A asibiti, ka auna marar lafiyar da sikeli ɗaya kowane zuwa, da safe, bayan ta yi fitsari, da kaya marasa nauyi. Wasu sukan ɗura ruwa kafin su shigo don lambar ta hau. Rubuta nauyi, tsawo, bugun jini da ranar al'adar ƙarshe a katinta, kuma idan bugun zuciya ya sauka ƙasa da 40 a minti ɗaya, ko tana suma, ka ba ta gado a ranar.